Kada ka sa zarto a rufin nan tukuna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na tashi daga shago don in amsa maka a tsanake. Ka ce yayanka ya kawo maka tsarabar kwalin ƙaramar motar roba da ake haɗawa da hannu, Ford 1932 ta kamfanin Revell, sikelin 1/25 (wato an rage girman motar gaske sau 25), kuma shi ne na farko da za ka taɓa haɗawa. Kana son ka yanke rufin ka rage masa tsayi irin na hot rod, tsofaffin motocin Amurka da ake gyarawa don gudu, da kake gani a hotuna, sannan kana tambaya ko fentin feshi na mota da ake sayarwa a kasuwar Ladipo ta Legas zai yi. Fentin zai yi, amma da sharaɗi. Rufin kuwa, don Allah ka ƙyale shi a wannan karon.

Ni da motar kara na soma a Zariya, daga baya ta langa-langa mai tayar silifas. Sai da na zo Agege, na yi aure har da 'ya'ya, sannan kwalin roba na farko ya shigo hannuna, kuma a mako guda na kashe shi. Abin da kake shirin yi, shi na yi.

Bari in ba ka lissafin da zai yi maka amfani har ka daina wannan harka. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan ka raba da 25, inci ɗaya a jikin motar gaske ya zama milimita ɗaya da ɗan ɗoriya a jikin taka. To masu hot rod sukan rage rufi da inci uku ko huɗu, wato kai milimita uku ko huɗu za ka cire daga kowane ginshiƙi. Ka ɗauki rula ka dubi milimita uku. Kaurin bakin zarton kansa yana cin wani abu daga ciki, kuma in ginshiƙin hagu ya fi na dama da rabin milimita, rufin zai karkace kamar hular da aka tura gefe, daga ƙofar ɗaki za a hango. Ni da zarton yankan ƙarfe na yi nawa, ka ji ganganci. Da na ɗora rufin sai na ga ginshiƙan sama da na ƙasa ba su haɗu ba, domin ba a miƙe suke sak ba, sun ɗan kwanta ciki. Na cika ramin da foti, na goge, na sake cikawa, har layin ƙofa ya ɓace. Gilasan da suka zo a kwalin kuma suka ƙi shiga, tunda tagogin sun ƙanƙance.

Gaskiya ita 32 tana cikin masu sauƙin yanka, don jikinta kusan akwati ne. Wahalar gaske tana ga irin su Mercury 1949, mai rufi kamar bayan kunkuru, wadda sai ka tsaga rufin ka ƙara masa tsawo. Amma wanda ke Amurka in ya ɓata bodi, gobe zai sayo wani. Kai fa? Sai ka jira wani mai zuwa, ko ka biya kuɗin dala da na dako wanda wani lokaci ya fi kuɗin kwalin.

Abin da ke sa mota ta zama hot rod tun kafin rufi shi ne zamanta. Samarin Kalifoniya da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun tarar da tsofaffin Ford da arha, suka ciccire madigadi da duk wani abu mai nauyi, suka riƙa kai su tsere a busassun tafkuna irin su El Mirage. Daga nan siffar ta samo asali: gaba ya duƙa, baya ya ɗaga, ƙananan taya a gaba, manya a baya. In ka samu wannan zaman daidai, ko rufin na nan yadda Ford ya yi shi, duk wanda ya san harkar zai gyaɗa kai. Don haka kafin ka buɗe gam, ka haɗa shasi da tayoyi da bodi da salatif ko ɗigon farin gam na Top Bond, wanda yake ɓarewa in ya bushe. Ka ɗora ta kan gilashi ko tayil, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da tebur. Taya huɗun sun taɓa ƙasa? Tayar baya tana tsakiyar gurbinta ko ta gudu gaba? Nakan bar mota a haka kwana biyu ina wucewa ina kallonta, har uwargida ta ce ko aljanu ne a ciki.

Yanzu fenti, inda Legas ke nuna mana hali.

Jikin motarka roba ce da ake kira polistarin, tinar da ke cikin fentin mota kuma tana cin ta. In ka fesa kai tsaye da kauri, cikin minti biyu za ka ga fuskar ta yamutse kamar fatar ƙadangare, kuma ba fentin kaɗai ne ya yamutse ba, robar ce ta ƙone. Maganinsa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Ka fara wanke bodin da sabulun wanke-wanke, ka goge layukan da injin zuba roba ya bari da samfefa lamba 600, sannan ka bi da firaima shafi biyu ko uku marasa kauri, kamar raɓa, kana barin kowanne ya sha iska. Kuma kowane gwangwani ka sayo, ka fara gwada shi a jikin sandunan robar da kayan suka zo manne da su, ko a bayan cokalin roba na masu sayar da abinci. In cokali ya tsira, da alama mota za ta tsira.

Sai danshi. Akwai wata Ford 1940 ta kamfanin AMT da na yi wa baƙin fenti a watan Yuni, da yamma bayan an ɗauke ruwa. Ina fesawa tana ƙyalli kamar madubi, na shiga na yi alwala, na fito na tarar ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Abin da ke faruwa shi ne, tina tana tashi da sauri sai ta sanyaya fuskar fentin, laimar da ke cikin iska ta sauka a kai ta maƙale. A damina, musamman Yuni da Yuli, ban ƙara yin feshi ba sai ranar da rana ta fito sosai, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da biyu. Nakan tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan mintoci, ɗumin da za ka yi wa jariri wanka da shi, ban ce tafasasshe ba, kuma kada ka kusantar da shi wuta. Ka girgiza sosai, ka riƙe shi nesa da motar kamar taki guda, ka fara fesawa kafin hannunka ya iso kanta, ka saki bayan ya wuce.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, shi ne kakarmu, don iska ta bushe. Sai dai ƙura. Ina gama fesawa nake kifa mata tsohuwar kular abinci da na wanke, in sa ɗan tsinke a ƙarƙashi don iska ta shiga. Kuma a waje ake feshi, da ƙyalle a hanci, yara na nesa. A gidan haya irin namu sai ka duba ko maƙwabciya ta yi shanya, na taɓa biyan kuɗin zane.

Bayan nan haƙuri. Ka kai hancinka jikin bodin, in har kana jin warin fenti to cikinsa bai bushe ba, ko da samansa ya yi tauri. Ni mako guda nake ba shi. Sannan samfefa 2000 da ruwa, a hankali, ka kiyayi kusurwoyi don nan take cinyewa, ka biyo da man goge mota ko man goge baki a tsumma mai laushi. Kada ka shanya ta a rana don ta yi saurin bushewa, kada kuma ka bar ta cikin mota a go-sulo. Roba ce, za ta lanƙwashe.

Kayan da suka zo da ƙyallin kurom, gam ba ya kama su sai ka kankare wurin haɗin da reza. In ƙyallin ya yi maka yawa kamar kayan wasan yara, ka jiƙa su cikin Hypo, zai tafi ya bar roba, ka yi musu fentin azurfa. Gilashi da fitilu kuwa kada sufa gulu ya kusance su, tururinsa yana sa su yi hazo. Top Bond a bakin tsinken sakace ya wadatar, yana bushewa garau. Tayoyin ma ka raba su da sauran kaya a leda daban, don a zafin nan wasu sukan narka robar da suka jingina da ita.

In hannunka yana ƙaiƙayin gyara, ka kai shi kan injin, a nan ne kuskure ba ya kashe mota. A 1932 Ford ya fito da V8 ɗinsa, injin silinda takwas mai shimfiɗaɗɗen kai, ya ci gaba da yin sa a Amurka har 1953. Daga 1955 ƙaramin V8 na Chevrolet ya shigo, masu hot rod da yawa suka koma kansa. Ka duba wanne ke cikin kwalinka kafin ka sa wayoyin filogi, domin distirbuta na tsohon Ford a gaba yake, na Chevrolet a baya. Tsohon Ford ɗin kuma bututun salansa uku ne a kowane gefe, ba huɗu ba, saboda silinda biyun tsakiya mafita ɗaya suke amfani da ita. Wayar filogi ta gaske kaurinta milimita bakwai zuwa takwas ne, kai ke nan kana neman ta kusan 0.3. Ni wurin yaran da ke gyaran waya nake roƙo, ko in fasa matacciyar caja. Wani bakanike maƙwabcina ya taɓa ɗaukar wata da na gama, ya juya ta, bai ce komai kan fentin da na yi mako uku a kai ba, sai ya ce, "Alhaji, wannan injin ba zai tashi ba, wayoyinka bakwai ne." Ɗaya ta faɗi ban lura ba.

Idan Allah ya kawo kwali na biyu, sai mu yi maganar yanka, da siririn zarton masu wannan aiki da salatif mai faɗin milimita uku da za ka zagaye ginshiƙan da shi ya zama ma'auni. Kafin nan ka koyi yankan a jikin fasasshiyar motar wasan yara, irin waɗanda ake zubarwa a kasuwar gwanjo.

Yanzu dai ka haɗa ta da salatif yadda na ce, ka ajiye wayarka a kan teburin daidai da tayoyin, ka ɗauko ta daga gefe ka turo. Ina son in ga yadda gaban ya zauna kafin ka ɗiga gam ko ɗaya.