Amsa: In titi lafiyayye ne, me zai hana a taka 140?

Malam, ka ce in hanya ta yi kyau kuma mota sabuwa ce, ba ka ga laifin taka 140 ba. To, dokar hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, dai ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na ekspires. Bas da tasi kuwa 90 ne iyakarsu a ekspires.

Matsalar tana wajen tsayawa. A gudun 100, mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa; a 140 kuwa kusan mita 39. Kafin idonka ya ga saniya ko tirelar da ta lalace ba alama, ƙafarka ta kai kan birki, ka riga ka cinye wannan tazarar. Sannan nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: daga 100 zuwa 140 kusan ninki biyu yake zama. Ribar kuma fa? A tafiyar kilomita 100, minti 17 kacal ka rage.

Sai taya, wadda yawancinmu ba ma dubawa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai ƙarancin iska kan ɗau zafi a kwalta da rana, har ta fashe. A auna iska da safe kafin ta yi zafi. In ta fashe, kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari gam, a saki totur a hankali.