Amsa ga ƙanenmu da ya tambaya kan yaron Giants da ake cewa za a sallama

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da zuwa Bronx, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Ka ce ka kalli wasannin share fage biyu na Giants, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta New York da ke gasar NFL, ka ga wani yaro risiba, wato mai cafe ƙwallon da aka jefa, wanda ba a ɗauka a diraf ba (zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara), duk ƙwallon da aka jefa masa sai ya cafe, har da tacdawun, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa, amma da 'yan jarida suka fitar da hasashen mutum 53 da ƙungiya za ta riƙe a kaka babu sunansa a ciki. Kana tambaya ko son kai ne, kuma ko ka sayi rigarsa. Rigar dai ka dakata tukuna. Son kai kuma ba na jin shi ne, lissafi ne, kuma lissafin ba a kan abin da kai da ni muke gani a talabijin ake yin sa ba.

Kowace ƙungiya tana shiga sansanin atisaye a ƙarshen Yuli da mutum 90. A tsarin da aka bi har 2025, ranar Talatar da ke biye wa wasan share fage na ƙarshe, ƙarfe 4 na yamma agogon New York, dole a rage su zuwa 53. Ga 'yan'uwa da ke binmu daga gida, ƙarfe 9 na dare ke nan a Kano da Yamai, ƙarfe 8 a Kumasi. A da ana ragewa kashi-kashi, amma tun 2023 aka mayar da shi yanka ɗaya. Ƙungiya 32, kowace ta zubar da 37, kusan mutum 1,200 ke nan suke rasa gurbi cikin kwana biyu ko uku.

To cikin 53 ɗin nan, cire uku da ba a taɓa su: mai bugun gol, mai bugun fant (bugun da ake mayar wa abokan karawa ƙwallo can nesa), da mai miƙo musu ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Saura 50, a raba kusan biyu tsakanin 'yan kai hari da 'yan tsaro. Cikin wajen 25 na masu kai hari, ƙartin gaba masu kare kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, za su cinye tara ko goma, domin ranar wasa sai kana da takwas daga cikinsu a shirye ake ba ka damar sa wa mutum 48 riga, in ba haka ba 47 ne. Kwatabak biyu ko uku, masu gudu da ƙwallo uku ko huɗu, tait-en, masu haɗa tarewa da cafewa, uku ko huɗu. Abin da ya rage wa risiba bai cika wuce shida ba. Uku na farko an san su tun watan Mayu. Na huɗu galibi wanda aka ɗauka a diraf ne, ko wanda aka riga aka lamunce wa kuɗi a kwantiraginsa, kuma janar manaja ba ya son ya kori wanda shi da kansa ya zaɓo wata huɗu da suka wuce. Ka ga sauran duka a kan kujera ɗaya ko biyu suke kokawa.

Kuma wannan kujerar ba cafe ƙwallo ke ba da ita ba. Risiba na biyar ko na shida, in kowa lafiya lau, zai iya yin wata guda kwatabak bai ko kalle shi ba. Abin da zai ci abinci da shi ranar Lahadi shi ne aikin 'yan bugu: a buga ƙwallo ya sheƙa ya je ya kayar da mai dawo da ita, ko ya tare wa mai dawowa hanya, ko shi kansa ya dawo da ita. Kocin wannan sashe yana da baki sosai a kan sunaye biyar ko shida na ƙarshen jerin. Don haka tambayar da zan mayar maka: yaron nan naka, lokacin da aka buga fant a zubin farko, yana cikin fili? In ba ka lura ba, koma ka duba. In yana can gefe riƙe da hularsa yana jiran zubi na huɗu, to 'yan jaridar nan ba sharri suka yi masa ba.

Mu 'yan Giants bai kamata a koya mana wannan ba, saboda David Tyree. An ɗauke shi a zagaye na shida a 2003 daga jami'ar Syracuse, kuma aikin 'yan bugu ne ya riƙe shi a ƙungiyar, har ya kai shi Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun gwanayen gasa, na kakar 2005. A duk kakar 2007 ƙwallo huɗu kacal ya cafe. Shi ne kuma a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, na Fabrairun 2008 ya danne ƙwallon da kwatabak ɗinmu Eli Manning ya jefa a jikin hular kwanonsa, Rodney Harrison na Patriots yana ta fizgarsa, muka ci Patriots da ba wanda ya ci su duk kakar. Da a ce da yawan yadin da aka ci da ƙwallo a watan Agusta ake zaɓe, da ba ya ma cikin filin ranar. Su Patriots ɗin ma sun riƙe Matthew Slater daga 2008 har 2023 da sunan risiba, ƙwallo ɗaya tak ya cafe a duk tsawon shekarun, amma sau goma yana zuwa Pro Bowl.

Sai kuma batun waɗanda ya ci a kansu. A zubi na uku da na huɗu na wasan share fage, masu tsaron da ke gabansa su ma yawancinsu ranar Talata za a ce su kawo kwamfutar da ke ɗauke da littafin dabaru, wato an sallame su. Koci kuma ba ya buɗe dabarunsa a Agusta, tsaro mafi sauƙi ake yi, mutum da mutum, don a ga wa zai iya. Yaro mai gudu zai yi kyau a nan. Abin da koci ke nema a bidiyo daban ne: ya tsaya inda ya kamata ya tsaya? Ya bi hanyar da aka zana masa ko ya yanke da wuri? Da aka ba mai gudu ƙwallo, ya tare masa ko ya tsaya kallo? Zai iya cafe ƙwallo shida a wasa ɗaya, washegari a ɗakin bidiyo a nuna masa kuskure goma.

Ni shi ya sa na fi ba atisayen sansani muhimmanci a kan wasannin. Duk shekarar da na samu sarari nakan tsallaka East Rutherford ranakun da ake buɗe wa jama'a, nan gefen filin MetLife, tikitin kyauta ne amma sai ka yi rajista da wuri. Ba na kallon wa ya cafe. Ina kallon wa ake jerawa da rukunin farko, ko da sau biyu ne. Ranar da ka ga yaro ya fara karɓar ƙwallo daga hannun kwatabak na ɗaya, to an fara maganarsa a sama. Haka atisayen haɗin gwiwa da wata ƙungiya, nan ne manya ke karawa da manya da gaske, har ta kan kai ga dambe. A Agustan 2024 da Lions suka zo, faɗan da aka yi sai da hukumar NFL ta ci kowace ƙungiya tarar dala 200,000. Jadawalin matsayi da ƙungiya ke fitarwa kafin wasan farko kuwa, wanda su da kansu suke rubuta cewa ba na hukuma ba ne, kada ka ɓata lokacinka a kansa.

Ga wata alama da sababbin masu kallo ke karantawa a juye. A wasan share fage na uku, wanda ka gani a gefe da riga ba sulke, yana dariya yana cin 'ya'yan sanfulawa, shi ne ya tsira. Wanda aka bari a fili har minti na ƙarshe, ko dai ana shakkarsa, ko ana tallarsa ga sauran ƙungiyoyi 31. Tommy DeVito ya ishe ka misali. Kwatabak ne ɗan New Jersey, ba a ɗauke shi a diraf na 2023 ba, an sallame shi a Agusta, ya koma rukunin 'yan atisaye, masu atisaye da ƙungiya amma ba sa cikin 53, rauni ya kwantar da Daniel Jones da Tyrod Taylor da ke gabansa, ya fito ya ci wasa uku a jere, gari ya ɗauka. A Agustan 2025, wasan ƙarshe da Patriots, ya jefa tacdawun uku. Ranar yanka aka sallame shi, domin akwai Russell Wilson da Jameis Winston da Jaxson Dart, kuma ba a cika riƙe kwatabak huɗu ba. Washegari Patriots ɗin da ya yi wa wasan suka ɗauke shi.

A wannan Agustan na 2025 wasa uku muka yi muka cinye duka, rediyon WFAN ya cika da masu kira suna lissafin wasannin Janairu na neman kofi. Kafin tsakiyar Nuwamba an kori kocinmu Brian Daboll, wasa biyu muka ci cikin goma. Lions na 2008 da Browns na 2017 kowace ta cinye wasanninta huɗu na share fage, kowace kuma ta yi kaka guda, wasa 16, ba ta ci ko ɗaya ba. Wannan ya isa kan sakamakon Agusta.

Yanzu abin da zai faru da yaron naka in aka sallame shi, don nan ne cacar take. Duk wanda bai cika kaka huɗu a gasar ba, ba ya zama ɗan kansa nan take, sai ya bi ta layin da ake kira weba. Zuwa tsakar ranar Laraba kowace ƙungiya za ta iya cewa tana so, ana bin jerin diraf, wadda ta fi shan kashi bara ita ce gaba. Sharaɗin shi ne wadda ta ɗauka dole ta sa shi cikin 53 nata, wato ta kori wani da ta yi wata uku tana koya wa dabarunta. Shi ya sa waɗanda ake ɗauka ba su da yawa, 'yan gomomi ne cikin sama da dubu. Manaja ya san haka. Zai dubi yara biyu, ya riƙe wanda yake tsoron za a sace, ya saki wanda yake ganin zai tsallake, ya dawo da shi rukunin 'yan atisaye. Wani lokaci wanda aka saki ɗin ma ya fi wanda aka riƙe. Tsofaffi masu kaka huɗu zuwa sama kuma ba sa bin layin, don haka sai a sallami tsoho da alkawarin baki, a gyara lissafin masu rauni, bayan kwana ɗaya ko biyu a dawo da shi. Jerin ranar Talata ba shi ne na ƙarshe ba, kada ka ga suna ya ɓace ka ta da hankalinka.

Rukunin 'yan atisaye mutum 16 ne, kuma ba wulaƙanci ba ne. A 2025 ƙaramin albashinsu dala 13,000 ne a mako, yayin da sabon ɗan wasa da ke cikin 53 yake da aƙalla dala 840,000 a kaka. Tazara ce babba, amma ana iya ɗago mutum biyu daga cikinsu kowane wasa, kowane mutum har sau uku a kaka, kuma kowace ƙungiya na iya ɗauke shi zuwa cikin 53 nata a kowane mako. A wasan da ƙashi ke karyewa duk Lahadi, kafin Oktoba ta ƙare an nemi risiba na bakwai.

Tun 2024 an ƙara kujera ta 17 don ɗan wasa daga wajen Amurka da Kanada, kuma wannan ta shafe mu. Osi Umenyiora, tsohon gwarzonmu mai zoben Super Bowl biyu, shi ya ja gaba wajen zaƙulo yara a Najeriya da Ghana. Ta hannunsa Roy Mbaeteka ya zo Giants a 2022 bai taɓa buga wasan a makaranta ko jami'a ba. CJ Okoye kuma ya je Chargers a 2023, a wasansa na farko a duniya, na share fage da Rams, ya kayar da kwatabak. Duka biyun ba su shiga 53 a shekarar ba, rukunin atisaye suka zauna suna koyo. Ina jiran ranar da za mu ga yaro daga Kano ko Zinder ko Nima a wannan kujera, ƙarti dai ba mu rasa su ba, duk mai zuwa kallon kokawa da dambe ya sani.

Ba na ce yaron naka ba shi da hanya ba. Duk ɗan Giants da ya kai shekaruna zai kawo maka Victor Cruz. Shi ma ba a ɗauke shi a diraf ba, daga jami'ar Massachusetts ya fito, a Agustan 2010 ya cafe ƙwallo shida, yadi 145, tacdawun uku a kan Jets, daren Litinin duk ƙasa na kallo. Bayan wannan ba yadda za a yi a ɓoye shi ta layin weba, dole aka riƙe shi. Amma mutane suna manta ragowar labarin: a kakar 2010 bai cafe ko ɗaya ba, rauni ya kwantar da shi, sai a 2011 ya yi yadi 1,536 ya je ya ci tacdawun a Super Bowl. Kuma shekara nawa ke nan muna kiran sunan mutum ɗaya duk Agusta?

Batun riga, Cruz ɗin ma lamba 3 ya sa daren da ya yi wa Jets ɓarna, daga baya ya koma 80. Yaran ƙasan jeri sukan canja lamba da zarar an yi yanka an samu sarari, kuma rigar asali ta haura dala ɗari. Ka bari Laraba ta wuce. In ka ji Giants sun dawo da shi rukunin atisaye, ka sa ido kan sanarwar ranar Asabar da yamma, ita ce ke faɗin waɗanda aka ɗago don wasan Lahadi. Wasan ƙarshe na share fage kuma in kana gari ka yi min magana mu kalla tare, zan nuna maka inda za ka neme shi lokacin bugun fant.