Amsoshin Tambayoyinku: Da Wane Yare Zan Gina Shafina?

Tambaya: Wane yaren rubuta manhaja ne ya fi kowanne, domin ba na son ɓata lokacina?

Amsa: Malam, tambayar ita kanta ɓata lokaci ce. PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, shi ne yake ɗauke da Wikipedia da duk shafin da aka gina da WordPress, wato manhajar haɗa shafukan intanet, yaren Python kuma yana da Django, kayan aikinsa na gina shafi, tun 2005. Ka ɗauki wanda kamfanin da zai ajiye maka shafin yake karɓa, ka tsaya a kansa. Wanda ba makawa sai ka koya shi ne SQL, domin da shi ake magana da rumbun bayanai, MySQL ne ko PostgreSQL.

Tambaya: Na yi wata shida ina koyon PHP, sai aka ce mini ya mutu. Shin wahalar banza na sha?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, wahalarki ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin PHP 8 ya fito a 2020 kuma ana ci gaba da sabunta shi. Tsofaffin darussa kawai za ki guda. Duk darasin da kika ga yana koyar da mysql_query, ki rufe shi, tun PHP 7 aka cire wannan umarni. Ki koyi PDO, wanda yake ba ki damar raba umarnin SQL da abin da baƙo ya rubuta a akwatin shafinki. Rashin raba su yana buɗe wa masu kutse kafar cusa nasu umarnin, kuma ta irin wannan kafa suka shiga kamfanin TalkTalk na Birtaniya a 2015, aka ci shi tarar fam 400,000.

Tambaya: Na samu inda ake raba ƙarin manhajojin WordPress na kuɗi kyauta. In sauke?

Amsa: Kada ka kuskura! Wannan ita ce maganar da na gaji da maimaitawa. Mutumin da ya zauna ya fasa makullin manhajar wani ba don Allah ya yi ba, kuma sau da yawa yakan cusa 'yan layuka a ciki waɗanda za su buɗe masa hanya zuwa rumbun bayananka. A nan kuwa sunayen abokan hulɗarka suke, da lambobin wayarsu, da adireshinsu, wato amanar mutane ce kake shirin miƙa wa ɓarawo da hannunka. Ko da an yi sa'a ba a cusa komai ba, jabun kaya ba ya samun sabuntawa, saboda haka ranar da aka gano ɓaraka a manhajar ta asali aka toshe, taka tana nan a buɗe, kuma masu kutse suna karanta sanarwar gyaran kamar kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mai yin wannan tsimin yakan kashe kuɗi a kan tambari da adon shafi ba tare da ya ji ciwo ba. Idan babu halin saye, ma'ajiyar WordPress ta hukuma tana da dubban manhajoji na kyauta. Ka duba ranar da aka sabunta kowacce kafin ka ɗora.