Tambaya da Amsa: Kaskar Shanu Na Iya Kwantar da Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon shanun turke da raguna, kuma da an fara ruwa kaska ke cika su. Yarana ke cire ta da hannu su murje da farce. Na ji a rediyo hukumar lafiya na gargaɗi cewa kaska na kawo zazzaɓi mai kisa. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce kawai? Daga mai kiwo, Alƙaleri, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma abin da yaran ke yi shi ne mafi haɗari a duk bayaninka. Ka hana su tun yau.

Cutar ita ce zazzaɓin Kirimiya da Kongo, wanda aka fara ganowa a Kirimiya a 1944. Kaska mai rodi-rodin ƙafafu, wadda ke son busasshiyar ƙasa irin tamu, ita ce ta fi ɗaukar ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na rasuwa, kuma babu allurar rigakafin da ake yi wa jama'a. Abin da ke yaudarar mai kiwo shi ne dabbar ba ta nuna alama. Sa zai ci dusarsa ya yi tuƙa lafiya lau alhali ƙwayar na cikin jininsa kusan mako guda. Mutum na kamuwa ta cizon kaska, ko jininta ya shiga ƙujewar fata yayin murje ta, ko jinin dabba a wajen yanka da fiɗa.

In kaska ta kama mutum, a sa hantsaki a riƙe ta daf da fata, ta wajen kai, a ja a hankali ba murɗawa ba fizga. Kada a ɗiga mata kananzir ko a kanga mata ashana tana maƙale. A wanke wurin da sabulu, ita kuma a jefa ta wuta.

Dabbobi kuwa feshi ne maganinsu. Amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 ana zuba mililita 2 a litar ruwa guda, wato 40 a tankin goyo mai lita 20, amma a duba takardar kwalba domin ƙarfin magani ya bambanta. Kurakuran da aka fi yi biyu ne: a tsinka maganin don ya yi auki, sai kaska ta saba da shi, ko a fesa gadon baya kawai, alhali tana ƙarƙashin wutsiya, hantsa, matsematsi, cikin kunne da tsakanin kofato. A shayar da su kafin feshi, a yi da sanyin safiya, mai feshin ya sa safar hannu da takunkumi. Kada amitraz ya taɓa doki ko jaki, yana iya kashe su. A share garke, a like tsagar bango. Dabbar da za a yanka a yi mata feshin mako biyu kafin ranar, tare da kiyaye wa'adin da ke jikin maganin.

Alamu kan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, ko 5 zuwa 6 bayan taɓa jini: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai da baya, jan ido, amai, daga baya haɓo da jinin dasashi. Ya yi kama da maleriya da zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke fama da shi, don haka a faɗa wa likita ƙarara cewa kaska ta ciji mara lafiyar. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini.

Ta ɓangaren hukuma, kowace ƙaramar hukuma na da jami'in sa ido kan cututtuka da ke kai rahoto ga jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda ake kiran layinta 6232 kyauta. Sai dai a ganinmu sanarwar rediyo kaɗai ba ta isa ba. A kai wayar da kai har kara da kwata, ta bakin Sarkin Pawa da arɗo-arɗo, musamman gabanin Babbar Sallah lokacin da raguna ke kwana a tsakar gida tare da yara. Kai kuma ka nemi malamin dabbobi na Alƙaleri ya duba garkenka kafin ka sayi maganin.