Rimski-Korsakov: ta yaya hafsan sojan ruwa ya zama malamin kiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce Nikolai Rimski-Korsakov na Rasha ya zama farfesan kiɗa alhali bai taɓa zama a ajin kiɗa ba. Shin gaskiya ne? In haka ne, me yake koya wa ɗalibai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da ƙamshin gaskiya a maganar. An haife shi a garin Tikhvin a 1844, ya yi makarantar sojan ruwa, daga 1862 zuwa 1865 yana kan teku a jirgin Almaz. Ya ɗan koyi fiyano, kuma wani mai tsara kiɗa, Balakirev, ya ja shi cikin wata ƙungiya ta mutum biyar masu neman kiɗa mai ɗanɗanon Rasha. Amma lokacin da babbar makarantar kiɗa ta St. Petersburg ta ba shi kujerar farfesa a 1871, yana ɗan shekara 27, bai san ƙa'idojin haɗa muryoyi ba. Kunne ne kawai da baiwa.

Sai ya koma ɗalibi a ɓoye. Wajen shekara uku yana karanta darasi kafin ya shiga aji, yana rubuta atisaye kamar ɗan koyo. A 1873 aka naɗa shi mai duba ƙungiyoyin badujala na rundunar ruwa, nan ya riƙa ɗaukar kayan busa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da bakinsa, har ya san inda kowanne yake da zaƙi da inda yake shaƙewa.

A nan ƙarfinsa yake, wato rabon waƙa ga kayan kiɗa. A littafinsa kan wannan fanni, wanda surukinsa Steinberg ya kammala bayan rasuwarsa, ya ba da ma'aunin ƙarfin sautin kayan busa na Turawa: idan ana busa da ƙarfi, tirampet ɗaya daidai yake da turombon ɗaya, daidai da ƙahon tagulla biyu, ƙaho ɗaya kuma daidai da kilarinet biyu ko sarewa biyu. Ke nan wanda ya ba sarewa ɗaya jigon waƙa, ya sa turombon uku suna ruri a ƙarƙashinta, ya binne ta. In kuwa a hankali ake busa, kusan duk ƙarfinsu ɗaya ne. Masu koyo kan manta da wannan, su yi ta jibga kaya a kan layi guda, sautin ya yi kauri, launinsa ya ɓace.

Yadda ya koyar da Stravinski, wanda daga baya ya zama shahararren mai tsara kiɗa, a gida ya fi burge ni. Yakan miƙa masa shafukan sabon wasan waƙarsa (wasan kwaikwayo da ake rerawa, wato opera) a rubutun fiyano, ya ce ya raba wa makaɗa. In ya kawo, sai malamin ya fito da nasa su jera, ɗalibin ya faɗi dalilin kowane bambanci. Masu tsara kiɗa irin su Glazunov, Prokofiev da Respighi ɗan Italiya duk sun zauna gabansa.

In kana son jin darasin da kunnenka, nemi Scheherazade na 1888, wanda ya gina kan Dare Dubu da Ɗaya. Da farko za ka ji kaya masu kauri sun faɗo da murya guda, sarkin ke nan. Jim kaɗan gogen Turawa guda ɗaya tak ya shigo, garayar Turawa na raka shi, Shaharzad ce ta fara labari.

A 1905 an kori Rimski-Korsakov daga aiki don ya goyi bayan ɗalibai masu zanga-zanga, abokan aikinsa Glazunov da Lyadov suka ajiye nasu aikin, daga baya aka mayar da shi. Ya rasu a 1908, bayan ya rubuta wasan waƙa 15.