Amsa: Kayan gyaran Peugeot 504 Coupé

Malam, kana tambayar inda za ka samu kayan 504 Coupé ɗinka, wato 504 mai ƙofa biyu, a nan Maraɗi. Raba matsalar biyu. Wasu kayan birki da na ƙasa iri ɗaya ne da na 504 ta gama-gari, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, don haka ka duba kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna. Ka tafi da tsohon ƙarfen a hannu, a gwada a gabanka.

Wahalar tana jikin motar. Kamfanin Pininfarina ne ya ƙera shi a Italiya, gilashi da fitilun baya ba sa shiga na 504 ɗinmu. Waɗannan sai Faransa: tuntuɓi L'Aventure Peugeot, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin motocin Peugeot, da lambar shasi. Don Allah kar ka bari makaniki ya yanke jikin don ya dace da wata fitila.