Me Ya Sa Kwalayena Ba Su Shige Kwantena Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina saro takalma daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Kowane kwalina tsawonsa santimita 60 ne, faɗinsa 40, tsayinsa 40. An gaya mini kwantena mai ƙafa 20 tana cin kubik mita 33, da na yi lissafi sai na ga ya kamata ta ɗauki kwali 343, amma masu lodi suka ce 225 kaɗai suka shiga. Shin cutata aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba a cuce ku ba, sai dai masu lodin ba su wahalar da ƙwaƙwalwarsu ba. Lissafinku zai yi daidai ne da a ce gero kuke zubawa, wanda yake bin kowane lungu ya cike shi, alhali kwali ba ya lanƙwasuwa.

Cikin irin wannan kwantena tsawonsa kusan santimita 590 ne, faɗinsa 235, tsayinsa 239. Idan aka jera kwalayenku duka suna fuskantar gefe guda, tara za su shiga a tsawo, biyar a faɗi, biyar a tsayi, wato 225 ɗin da aka gaya muku ke nan. Abin da ya rage, santimita 50 ta bakin ƙofa, 35 a gefe, 39 a sama, iska ce kuka biya wa kuɗin jirgi.

Dabarar ita ce a juya wasu kwalayen. A shimfiɗa layi uku a gicciye, kowane kwali ya ba da gefensa mai santimita 60 ga faɗin kwantenar, ta yadda kowane layi zai ci kwali 14; sauran santimita 55 da suka rage a jikin bango kuwa a sa musu layi guda na kwali tara a miƙe. Hawa ɗaya ya zama 51 maimakon 45, hawa biyar kuma 255. Tun da takalma ne ba kayan da ke saurin fashewa irin su tangaran ba, ana iya yin hawa huɗu a kwance, na biyar a tsayar da kwalayen a tsaye, inda 70 za su shiga, jimilla ta kai 274. Wannan fa a kan takarda ne, domin kwalin da aka cusa wa kaya yakan kumbura, don haka a auna shi bayan an cika shi an liƙe, kuma a tuna cewa bakin ƙofa, mai tsayin kusan santimita 228, bai kai cikin kwantenar tsayi ba. A ganina, ɗan kasuwar da ke saro kaya iri ɗaya kullum gara ya zauna da masana'anta tun farko a yanka masa kwalin da ya dace da awon kwantena.

Ga masu tayil ko ƙarafa, nauyi ne yake cika kafin wuri ya cika, domin yawancin kwantenoni ba a yarda su wuce kilo 30,480 ba har da nauyin kwantenar kanta, kuma tun 1 ga Yuli 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta a tabbatar da nauyin kowace kwantena kafin a ɗora ta. Mai nauyi a ƙasa yake zama, a kuma baza shi, kada rabin kwantena guda ya ɗauki fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyin.

Duk giɓin da ya rage a toshe shi da jakar iska ko ninkakkun kwalaye, a ɗaure layin ƙarshe da raga ko igiya don kada kaya su rikito kan wanda zai buɗe ƙofa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. A rataya buhunan tsotse danshi, saboda rufin kwantena yakan yi gumi a teku ya ɗiga kan hawan sama, kuma takalmin fata ba ya jimirin laima. Kafin lodi na gaba, ku nemi masu lodin su aiko muku da zanen jerin a rubuce, da hoton kwantenar tana rabi da kuma bayan ta cika.